Sammacin Alƙali da Allura ta Uku

Ranar Asabar, 17 ga Nuwamba 2007, tun da sanyin safiya layi ya miƙe a ƙofar kotun Upper Marlboro, hedikwatar gundumar Prince George's ta jihar Maryland. Iyaye ne riƙe da hannun 'ya'yansu, wasu da takardu a hammata, kowa da wasiƙa mai ɗauke da sunan alƙali C. Philip Nichols. Wasiƙar ta umarce su da su bayyana, ko dai da shaidar an yi wa yaran allurar rigakafin da makaranta ke nema, ko kuma a tsira musu ita nan take, domin an girke ma'aikatan jinya da kayan aikinsu a cikin ginin kotun. Wanda ya yi kunnen ƙashi kuwa, doka ta ba da damar a ci shi tarar dala 50 a kan kowace ranar da ɗansa bai je makaranta ba, ko a ɗaure shi har kwana goma.

Babban mai gabatar da ƙara na gundumar a lokacin, Glenn Ivey, shi ne ya fito gaban 'yan jarida ya sanar da matakin. Labarin ya karaɗe Amurka cikin 'yan kwanaki. Masu adawa da tilasta rigakafi suka yi cirko-cirko a wajen kotun da kwalaye, masu goyon baya suka ce ai tuni ya kamata a yi haka. Da aka tashi a ranar, yara wajen ɗari ne aka yi wa allura, wasu gommai kuma aka gyara musu takardu suka koma gida ba a taɓa fatarsu ba, don dama an yi musu, rubutun ne bai isa makaranta ba.

Landover na cikin garuruwan da makarantunsu ke ƙarƙashin wannan gunduma. Tana jingine da birnin Washington ta gabas, kuma mafi yawan Amurkawa sun san ta ne da katafaren filin da ƙungiyar Commanders ke buga ƙwallonta. Prince George's ta yi suna a matsayin ɗaya daga cikin gundumomi mafi arziki da baƙar fata suka fi yawa a cikinsu, amma arzikin ya fi zama can bayan babbar hanyar da ta yi wa Washington zobe, a unguwanni masu faɗin fili da gareji biyu. Ta ciki kuwa, inda Landover da Kentland da Palmer Park suke, gidajen haya ne jere, da mutanen da ke fita aiki tun duku-duku: masu kula da tsofaffi a gidajensu, masu lodi a rumbunan kaya, direbobi, masu gadi, masu shara a ofisoshin gwamnati. A cikinsu akwai baƙaƙen Amurka 'yan asali, da mutanen Amurka ta Tsakiya, da 'yan Afirka ta Yamma masu yawa, har da 'yan Nijeriya da Ghana da Kamaru da Saliyo. Jirgin ƙasa na birni yana tsayawa a Landover. Ba ya zuwa Upper Marlboro. Duk wanda aka yi wa sammaci daga wannan ɓangare kuma ba shi da mota, sai dai ya nemi mai rage masa hanya.

Abin da ya kai ga kotu shi ne ƙarin allura biyu da jihar Maryland ta wajabta wa manyan 'yan makaranta: ta ƙarambau da ta ciwon hanta nau'in B. Da wa'adin watan Satumba ya cika, ɗalibai sama da 2,300 ba su cika sharaɗin ba, cikin wajen 130,000 da ke makarantun gundumar, sai aka hana su shiga aji. Wasu sun shafe makonni suna zaune a gida. A idon hukuma, an yi sanarwa, an aika wasiƙu, an buɗe wuraren allura kyauta, me kuma ya rage in ban da taurin kai?

Amsar tana cikin yadda ake yin allurar ciwon hanta. Ta ƙarambau a lokacin zuwa ɗaya ya wadatar ga ƙananan yara. Ta hanta kuwa sau uku ce: a yi ta farko, bayan wata guda a koma, sannan ta ukun sai an ɗauki aƙalla wata huɗu daga ta farko, galibi ma wata shida. Zuwa uku ke nan, kowanne a ranar aiki, a lokacin aiki. Ga ma'aikacin ofis mai albashin wata, zuwa uku asibiti ɗan jinkiri ne wajen isa teburinsa. Ga matar da ake biya da awa, wadda in ba ta je ba tsohuwar da take kula da ita ba ta da mai ɗaga ta daga gado, kowane zuwa asarar yini ne, kuma a shekarar 2007 babu dokar da ta tilasta wa uban gidanta ya biya ta wannan yinin. Ƙara da lambar wayar da ta canja, da wasiƙar da aka aika tsohon gidan da aka tashi daga cikinsa, da takardar da aka miƙa ofishin makaranta ta shige ƙarƙashin wasu takardu. Iyaye da dama a layin nan abin da suka gaya wa 'yan jarida ke nan, cewa sun kawo shaida tun tuni, an ɓatar. Abin dariya a ciki, mai ƙin allurar da gaske shi ne ya fi samun sauƙi, domin dokar Maryland ta yarda uba ko uwa su sa hannu cewa addininsu bai amince ba, magana ta ƙare. Wanda ya yarda da allurar amma ya makara, shi aka kira gaban alƙali.

Amurka ta taɓa koyon wannan darasi, kuma da tsada ta koye shi. Tsakanin 1989 da 1991 ƙyanda ta dawo ƙasar da ƙarfinta: mutum wajen 55,000 suka kamu, sama da 11,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 120 suka mutu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar yawancinsu ƙananan yara ne da ba su kai shiga makaranta ba, 'ya'yan talakawa a tsakiyar manyan birane irin su Los Angeles da Chicago da Houston. Da yawansu sun sha zuwa wurin likita, amma ba a yi musu allurar ba. Likitan kuɗi yakan duba yaro, in ya ga inshorar iyayen ba ta biyan rigakafi sai ya tura su asibitin gwamnati, can kuma a ce sai an ba su rana, ranar ta zo yaro na mura a ce a dawo. A haka yaro ke sulalewa ta tsakanin ƙofofi biyu.

Daga wannan annoba aka haifi shirin da ake kira Vaccines for Children. Majalisa ta zartar da shi a 1993 zamanin Bill Clinton, ya fara aiki a Oktoban 1994. Gwamnatin tarayya ke sayen alluran ta raba wa likitoci da asibitocin da suka shiga shirin, su kuma su yi wa yaran da ke kan inshorar marasa ƙarfi ta Medicaid, da waɗanda ba su da inshora sam, da 'ya'yan ƙabilun asali na ƙasar, ba tare da karɓar kuɗin maganin ba. Ana iya neman ɗan ladan tsirawa, amma an hana a kori yaro don iyayensa sun kasa biya. Kusan rabin yaran Amurka sun cancanci shirin. A shekarar 2000 aka ayyana cewa ƙyanda ta daina yawo a ƙasar da kanta, sai dai in matafiyi ya shigo da ita. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙiyasta cewa a cikin yaran da aka haifa daga 1994 zuwa 2023, rigakafin yau da kullum zai hana mutuwa sama da miliyan ɗaya.

Wato lokacin da aka yi layin Upper Marlboro, shekara goma sha uku ke nan da cire kuɗin allura daga wuyan talaka. An cire kuɗi, an bar masa hanya da lokaci da takarda. Har yau alƙaluman CDC suna nuna abu ɗaya shekara bayan shekara: yaran da ke kan Medicaid suna bayan masu inshorar kamfani, marasa inshora kuma suna can baya nesa. Kuma giɓin ya fi buɗewa ne a allurai na ƙarshe-ƙarshe. Sama da kashi 90 cikin 100 na yaran Amurka suna samun allura uku na farko na mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, amma ta huɗun, wadda ake yi bayan yaro ya haura wata goma sha biyar, kusan kashi 80 ne ke samun ta kafin su cika shekara biyu. Lokacin uwa ta daɗe da komawa aiki, yaro ya fara tafiya, yana cikin ƙoshin lafiya, ba abin da ke tuna wa kowa asibiti.

Duk Bahaushen da ya ji labarin sammacin 2007 a lokacin, zai yi wuya zuciyarsa ba ta koma gida ba, domin shekara huɗu kacal kafin nan sunan Kano ne ke bakin duniya a kan rigakafi. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan inna, bayan da wasu malamai da shugabanni, cikinsu har da likita Datti Ahmed na majalisar ƙoli ta shari'ar Musulunci, suka yi zargin an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Kano, ƙarƙashin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ita ta fi daɗewa, ba ta dawo ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka iyakoki, daga baya har ta koma ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita.

Zargin bai tabbata ba, kuma yaran da suka shanye a shekarun nan su suka biya kuɗin sa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Baƙaƙen Amurka da ke maƙwabtaka da Hausawa a Landover su ma suna da nasu macijin: gwajin Tuskegee, inda hukumar lafiya ta ƙasa ta zuba wa ɗaruruwan maza baƙar fata masu ciwon tunjere ido daga 1932 zuwa 1972 ba tare da yi musu magani ba, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki.

Akwai kuma wata tambaya da magidanta a Kano da Katsina da Sakkwato suka riƙa yi wa masu zagayen gida-gida, wadda ba ta da alaƙa da jita-jita. Me ya sa ake biyo mu har ɗaki da ɗigon shan inna kyauta, wata bayan wata, amma in yaro ya kwana da zazzaɓi ko ƙyanda ta fito masa, a asibiti ko farasitamol sai mun saya? Tambaya ce mai nauyi, kuma an ɗauki shekaru kafin a amsa ta da aiki. Sai da aka jawo sarakuna cikin lamarin ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar daga 2009, aka sa masu unguwanni da limamai da unguwarzoma a gaba, aka riƙa kafa sansanin lafiya inda ake duba yaro a ba shi maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki tare da ɗigon. An yi asarar rayuka a hanya, har da ma'aikata tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. An ga ƙwayar shan inna ta daji ta ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Duniya ta riƙe labarin ƙin, ta manta da sauran. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara suka samu dukkan rigakafin farko, a Sakkwato kuma kashi 5 ne. Amma a cikin binciken akwai wasu lambobi biyu da suka fi faɗin gaskiyar gida: kashi 65 sun samu allurar farko ta haɗin cuta biyar, wadda ake yi a mako na shida, kashi 50 ne suka kai ta uku a mako na goma sha huɗu. Uwar da ta goyo jaririnta ta kai shi sau ɗaya ba maƙiyiyar rigakafi ba ce. Wani abu ne ya tare ta a zuwa na biyu ko na uku: kuɗin acaɓa, ko damina ta yanke hanya, ko ta je an ce ba za a fasa kwalba don yaro ɗaya ba, ko maigida ya ga jaririn ya kwana yana kuka da zafin jiki ya ce ba a ƙara ba, don ba wanda ya gaya musu tun farko hakan na faruwa kuma yana wucewa. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, yawancin yaran da ya kama ba su da cikakken rigakafi.

To, a ɗauki misalin matar da ta baro Kano da ɗanta mai shekara bakwai ta sauka a Landover, irin labarin da ake ji a kowane taron suna na 'yan gida a yankin. Ta je sa shi makaranta, sai aka miƙo mata takardar shaidar rigakafi ta jihar Maryland, mai lamba 896, aka ce likita ko ma'aikacin lafiya ne zai cike. Katin yaron yana Kano. Sai ta buga waya.

"Umma, don Allah a duba mini katin asibitin yaron nan. Ina jin yana cikin akwatin ƙarfen nan, ƙarƙashin zannuwa."

"Wane kati kuma bayan shekara bakwai? Ai ga lambar nan a dantsensa, ki nuna musu."

"Umma, nan ba sa duba lamba. Kwanan wata suke so."

Lambar da Umma ke nufi tabon allurar tarin fuka ne da ake yi wa jarirai a Nijeriya da Nijar. A Amurka ba a yin ta ga yara, kuma ba ta cikin abin da makaranta ke tambaya. Da aka samo katin aka ɗauki hotonsa aka turo ta WhatsApp, gefensa ya ci ruwa, biron ya dushe, sai wata sabuwa ta taso. A Nijeriya rana ake fara rubutawa sannan wata, a Amurka wata ne farko, saboda haka 3/9 na iya zama uku ga Satumba ko tara ga Maris. Allurar ƙyandar da aka yi masa yana wata tara, kamar yadda tsarin Nijeriya ya tanada saboda cutar na kama jarirai da wuri, ba ta shiga lissafi a Maryland, don nan sai wadda aka yi bayan yaro ya cika shekara ɗaya ake ƙirgawa, kuma sau biyu ake so, haɗe da ta hangum da ta ƙyandar Jamus. Ta ƙarambau kuwa babu ita sam a tsarin gwamnati na gida. Uwar da ta cika kowane alkawarin asibiti a Kano, ba ta tsallake ko ɗaya ba, sai ta wayi gari a Landover sunan ɗanta na jerin waɗanda ba su cika ba. Doka ta ba ta kwana ashirin yaron ya zauna a aji in ta nuna an ba ta ranar ganin likita. In inshora ba ta fito ba, sai ta nemi asibitin gunduma, irin na Cheverly da ke maƙwabtaka, ko cibiyoyin lafiya na al'umma. Wasu kuma tsoro ne ke hana su zuwa ko'ina, musamman tun daga 2019 da aka tsaurara dokar da ke duba ko baƙo ya dogara da tallafin gwamnati kafin a ba shi takardar zama. Rigakafi ba ya cikin abin da dokar ke ƙirgawa, amma wa zai tsaya karanta ƙananan rubutu alhali makomar iyalinsa ce a kan layi? Ga shi kuma ita kanta takardar zaman ba a ba da ita sai likitan da hukumar shige da fice ta amince da shi ya tabbatar an yi alluran.

An samu sauyi tun daga 2007, kuma mai amfani. Jihar tana da rumbun bayanai na kwamfuta mai suna ImmuNet inda ake shigar da allurar da aka yi, ta yadda takardar da ta ɓace a ofishin makaranta ba ta zama ƙarshen magana ba. Daga Fabrairun 2018 dokar Maryland ta ba ma'aikaci awa ɗaya ta hutun jinya a kan kowace awa talatin da ya yi aiki, har zuwa awa arba'in a shekara, kuma yana iya amfani da ita ya kai ɗansa asibiti. Da kuɗi ake ba da hutun in ma'aikatan wurin sun kai goma sha biyar, in ba su kai ba hutun na nan amma babu biya. Tun lokacin korona kuma masu kantin magani suka samu izinin yi wa yara allura, ga shi suna buɗe da daddare da ƙarshen mako, sai dai da yawansu ba sa cikin shirin allurar kyauta, wato ƙofar ta fi buɗuwa ga mai inshora.

Korona ɗin ce ta sake maimaita tsohon wasan, wannan karon a kan manya. Prince George's na cikin gundumomin da cutar ta fi yi wa ɓarna a Maryland. A farkon 2021 aka buɗe wurin allura a cibiyar wasanni da karatu ta gundumar da ke Landover, dab da filin ƙwallo. Ta intanet ake yin rajista. Cikin ɗan lokaci aka lura cewa mutanen wasu gundumomi, masu kwamfuta a gabansu da lokacin zama suna latsawa, su ke cinye guraben, har shugabar gundumar ta lokacin, Angela Alsobrooks, ta taƙaita su ga mazauna da masu aiki a cikinta. Babban wurin da jiha ta buɗe a filin shaƙatawa na Six Flags kuwa a cikin mota ake yi wa mutum, kuma a makonnin farko ƙaramin kaso ne na guraben ya faɗa hannun 'yan gundumar. Duk da haka, da aka ga alƙaluman 'yan gundumar sun yi ƙasa, bayanin da ya fi saurin fitowa daga bakin manya shi ne mutanen ne ke ɗari-ɗari. Akwai masu ɗari-ɗarin, babu shakka. Amma da aka kai allurar coci-coci da masallatai da farfajiyar gidajen haya, layi ya samu.

Abin da ba wanda ya hango a 2007 shi ne inda shakku zai koma ya zauna. A lokacin, masu kwalaye a wajen kotu 'yan tsiraru ne, hukuma kuma bakinta ɗaya. Tun daga nan aka ga yadda jita-jita ke cin al'umma in ta samu ƙofa: a Minnesota, iyaye 'yan Somaliya da suka damu da yawan galahanga a 'ya'yansu sun samu baƙuncin Andrew Wakefield, likitan Ingila da aka soke lasisinsa kuma aka janye bincikensa a 2010, sai allurar ƙyanda a cikinsu ta faɗo daga kashi 92 zuwa 42 cikin shekara goma, kuma a 2017 cutar ta kama yara sama da saba'in. A faɗin Amurka, yaran ajin farko masu allurar ƙyanda sun sauko daga kashi 95 kafin korona zuwa kashi 92 da rabi. A 2025 aka samu masu ƙyanda sama da 2,000, adadin da ba a gani ba cikin shekara talatin da 'yan kai, yara biyu suka mutu a Texas. A watan Maris na shekarar aka tabbatar da cutar a jikin mutum biyu mazauna Prince George's da suka dawo daga tafiya ƙasar waje.

In mutum ya hau jirgi a tashar Landover ya nufi cikin birni, tasha ta takwas ita ce Federal Center, 'yan taku kaɗan daga hedikwatar ma'aikatar lafiya ta tarayya. A Fabrairun 2025 Robert F. Kennedy ƙarami, wanda ya shafe shekaru yana jefa shakku a kan rigakafi, ya zama ministan wannan ma'aikata. A watan Yuni ya sallami dukkan mambobi 17 na kwamitin da ke ba da shawara kan alluran, ya naɗa nasa. Kwamitin ba na ado ba ne, ƙuri'arsa ce ke tantance abin da ke shiga shirin allurar kyauta da rabin yaran ƙasar suka dogara da shi. A Disamba sabon kwamitin ya janye shawarar da ke nan tun 1991 ta yi wa kowane jariri allurar ciwon hanta da haihuwa, ya ce in an gwada uwa ba ta da cutar, ita da likita su yanke. Ba a cire ta daga jerin kyauta ba, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsaya a kan tsohuwar shawara. Amma allurar da aka taɓa yi wa iyaye barazanar ɗauri a kanta, ita ce Washington ta ce a yi shawara tukuna. Glenn Ivey kuwa tun 2023 shi ne ɗan majalisar tarayya mai wakiltar mazaɓar da Landover ke ciki.

Ga gidan ɗan Afirka ta Yamma wannan shawara ba ƙaramar magana ba ce. A Nijeriya wajen kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma cutar na zama masa har girma, ita ce ke rikiɗewa ta zama ƙonewar hanta ko daji bayan shekara talatin ko arba'in. Gwajin uwa kuma ba ya faɗin komai a kan kakar da ta zo wankan jego, ko kawun da ke kwana a falo, ko askar da za a yi wa jariri aski da ita ranar suna in an kai shi gida.

Kowane Agusta, kafin a koma makaranta, hukumar lafiya ta gundumar kan buɗe wuraren allura na musamman, layi ya sake miƙewa, iyaye da takarda mai lamba 896 a hannu. Matar nan ta Kano, in ta samu shiga, za a yi wa ɗanta ta ƙyanda da ta ƙarambau a rana ɗaya, dantse biyu. In katinsa bai nuna ta ciwon hanta a fili ba, a fara masa daga farko. Ma'aikaciyar za ta rubuta mata ranar dawowa a Satumba, sannan ta ƙirga watanni da bakin biro ta rubuta ta ukun. Za ta faɗo ne a Fabrairu, tsakiyar sanyi, da ƙarfe goma na safiyar wata Talata.